Yadda Za Ka Tsira Daga Ɗiban Gwamna Ta Hanyar Rashin Ƙyalli

Ɗan'uwa, in ka ji sanƙira yana shela a Goronyo cewa maza su hallara ƙofar fada, to ɗiban gwamna ya zo. Za a kwashi majiya ƙarfi zuwa haƙar kuza a Bukuru, inda sanyi ke kama ƙirjin Basakkwace. Kada ka gudu, don wanda ya gudu ubansa ake kamawa. Bi waɗannan matakai, na lamunce maka za ka kwana a ɗakinka.

1. Ka san abin da dogari ke gani

Dogari ba ya ganin mutum. Hasken da ya bugi mutum ya dawo idonsa, shi yake gani. Abu mai santsi yana mayar da rana a dunƙule, kamar tasar da aka goge da toka. Mai kaushi kuwa warwatsa ta yake yi, kamar bayan tukunyar ƙasa. Aikinka a ranar nan shi ne ka zama tukunya.

2. Ka ƙaurace wa wanzami

Mainasara, wani manomin albasa a Rabah, ya yi aski tal ranar taro, ya shafa man shanu, don daga fada gaisuwar surukai zai wuce. Dogari ya kare idonsa da tafin hannu ya ce, "Kai mai walƙiya, taho nan!"

"Ranka shi daɗe, mi na yi?"

"Ba ka yi komi ba. Kai na gani."

Goron surukai dogarai suka ci.

3. Ka zaɓi launi da hankali

Farar riga duk hasken da ta samu sai ta mayar, ba ta da sirri. Baƙa tana haɗiye shi, amma a kan farin yashi sai ka zama kamar bakin rijiya, kuma ba mai wuce rijiya bai leƙa ba. Mafi sharri ita ce rigar shuni da ta fito daga hannun mabuga: ga ta baƙa, ga ta tana sheƙi kamar bayan ƙwaro. Nemi tsohuwar rigar saƙi mai kaushi, launin katanga. In babu, je ka fadama ka yi birgima. Amma ka bari lakar ta bushe, don ɗanyar laka ma munafuka ce.

4. Kada ka yi zufa

Tsoro na kawo zufa, zufa na sa goshi ya yi kamar gulbin Rima da hantsi. Zuba toka a aljihu, kana shafawa. Kada ka yi murmushi ko da limami ne ya gaishe ka. Haƙori fari ne.

5. Ka tsaya inda ya dace

Nemi inuwa, jikin katangar da ba a yi wa yaɓe ba. Lauwali, wani magini a Goronyo, ya bi duk abin da na faɗa. Matarsa Kaltume na da tsohon ciki, geronsa ya isa yanka, ba shi da niyyar zuwa ko'ina. Ya tsaya jikin katanga bai motsa ba. Dogari ya wuce shi, ya dawo ya sake wuce shi, daga baya ma ya jingina sandarsa a kafaɗarsa ya tafi shan ruwa.

6. Ka bar tsohuwarka a gida

A nan Lauwali ya yi sake. Uwarsa Inno ta biyo ta fada da ƙwaryar man shanu za ta kasuwa, ta hango shi tun daga nesa.

"Lauwali! Mi as same ka? Ɗana da kyawonai shi tsaya cikin mutane kamar gara ta ci shi?"

"Inna, don Allah ki wuce," ya ce, bai buɗe baki sosai ba.

"In wuce ina? A ce ba ka da uwa?"

Ta kama fuskarsa ta goge da bakin mayafi, ta lakato mai ta murza masa a goshi har ya yi sheƙi. Dogari ya dawo ɗaukar sandarsa, ya tsaya ya duba.

"Ashe mutum na!"

Aka tasa Lauwali gaba cikin ayarin masu zuwa Bukuru, Inno ta bi su har bayan gari tana kuka. Da mata suka zo ba ta haƙuri, sai ta share hawaye ta ce, "Ko banza ba a cewa ɗan Inno ya tahi da dauɗa." Maƙwabta suka yanke geron. Lauwali ya dawo da tari, ya tarar ɗansa har ya fara zama.

Kariyar kai

Ni dai na faɗi iyakar sanina. Rana ba tawa ba ce, idon dogari ba nawa ba ne, uwarka kuwa ba ni na zaɓa maka ita ba. In an ɗebe ka duk da haka, kada ka aiko mini da saƙo. In kuma magana ta kai gaban hakimi ko Bature aka tambaye ka wa ya koya maka, ka ce a kasuwar Achida ka ji, daga bakin wani mutum da ba ka ga fuskarsa sosai ba.