Faifan Kadojin Isma'iliyya a Hannun Mai Guga

"Duk Alƙahira, daga Shubra har Hilwan, babu faifan garmahon da zai shigo hannuna da ciwo ya fita bai warke ba."

Maganar Ustaz Shaukat ce wannan. Amma yau ka shiga gidan shayin Fikri ka tambaya, za a ce maka ni Rif'at na jawo komai. Ni! Mutumin da ko sauro sai ya ba shi haƙuri kafin ya kore shi. Zauna ka ji, ka yi mana alƙalanci.

Cutarmu ɗaya ni da shi, tara tsofaffin faya-fayan makaɗan da duniya ta manta da su, masu haɗa jita da ganguna da ƙahonni uku-huɗu suna busa kamar za su tashi matattu. Sai dai ni Allah ya ba ni kunne, shi kuwa aka ba shi baki da tumbi.

Shekara ashirin ina neman faifan Kadojin Isma'iliyya. Faifai ɗaya tak suka yi a zamanin wando mai faɗin ƙafa, suka watse. Wata Juma'a a kasuwar tsofaffin kaya na hango shi ƙarƙashin wata matacciyar fanka. Na ɗan tsaya gyara gashin bakina a wani madubi, don irin wannan gashin baki ba a wuce madubi da shi. Kafin in juyo, Shaukat Sarkin Surutu ya sure shi kamar shirwa.

"Kada ka yi kuka, ɗan'uwana," in ji shi. "Ran Alhamis bayan la'asar zan sa shi a wurin Fikri. Har Baba Zaglul zan gayyato."

Baba Zaglul shi kaɗai ya rage a raye cikin Kadojin, shi ne mai babban ƙaho.

Na kira shi da laƙabin manya, na ce, "Basha, ka duba shi kuwa? Ya lanƙwashe kamar gurasar jiya. Allura za ta yi ta tsalle."

"Wannan ai ciwon kai ne a wurin likita irina."

Ran Asabar ya danne shi da manyan littattafai goma sha biyu, karo na farko da suka yi masa amfani. Kwana biyu, faifai ya ce bai san zancen ba.

Ran Litinin ya cire gilasai biyu daga kabad ɗin matarsa, ya sa faifan a tsakani, ya shanya a kan soro. Masu sani minti kaɗan suke ba rana. Shi ya sauko yi wa mai gadi bayanin hikimarsa, har aka kira azahar. Da ya koma, lanƙwasa ɗaya ta haifi biyu, gilashi guda ya tsage, tantabarun maƙwabci sun sa hannu a kan ɗayan. Matarsa kuwa, muryarta ta fi ƙahonnin Kadoji duka.

Ran Laraba ya same ni a gidan shayi, ido ya yi zuru-zuru.

"Rif'at, a ce wani abokina ne yake da irin wannan matsala..."

"Abokinka mai tumbi?"

"Bar wasa, don Allah!"

Na kurɓi shayi na ce, "To sai dai ya kai wa Mitwalli mai guga." Wasa nake yi, Allah shaida. In ma na ɗan ƙara da cewa haka manyan masana suke yi a ɓoye, ai hira ce.

Shaukat kuwa ya ɗauki faifai sai wurin mai guga. Ka san Mitwalli da ƙaton dutsen gugarsa da yake takawa da ƙafa. Ya shimfiɗa zani, ya guntsi ruwa ya fesa, ya hau.

Ran Alhamis gidan shayi ya cika. Baba Zaglul ya zo da tsohon kwat, ya zauna yana ta share gumi. Shaukat ya ɗaga faifai sama.

"Jama'a, ku duba! Ya kwanta ko bai kwanta ba?"

Ya kwanta kam, sumul, yana sheƙi kamar madubi. Ya ɗora allura. Allura ta yi sululu daga baki har tsakiya, shuuu, ta tsaya. Ya sake. Shuuu.

Fikri ya ce, "Ustaz, waƙar ke nan, ko gyaran murya suke yi?"

Sai ga Mitwalli daga baya yana washe baki. "Basha, gaya musu aikin wa ne! Lanƙwasar ba ta ba ni wahala ba. Waɗannan ƙananan layukan ne masu taurin kai, sai da na bi su sau uku kafin su ɓace."

Layukan nan kuwa, a cikinsu waƙar take. Kowa ya juya ga Baba Zaglul. Tsoho ya miƙe a hankali, ya kama kan Shaukat, ya sumbaci sanƙonsa.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana. A waƙa ta biyu ƙahona ya yi kukan jaki, a kan haka muka watse. Shekara hamsin ina bin kasuwa ina sayen duk kwafin da na gani ina fasawa, wannan ne kaɗai ya kuɓuce mini." Ya laluba aljihu ya zaro wani kaset. "Ga na bikin ƙanwata, shi ma na yi abin kunya a ciki. Likita, taimaka ka warkar mini da shi."