Ranar da Ƙasa Ta Girgiza a Gazara

Ko tsufa ya sa na manta sunayen 'ya'yana, ba zan taɓa mantawa da walimar saukar Alƙur'ani ta ɗan baffana a Gazara ba. Kuma in faɗa muku tun yanzu, kunya kam na sha ta, amma laifi ban karɓa ba.

Ina ajin ƙarshe na sakandare a Makarfi a lokacin, jarrabawar fita ta matso, darasin labarin ƙasa kuma ya tsaya mini a wuya. Yarinyar da ba ta taɓa wuce Zariya ba, wai ita za ta bayyana yadda igiyar teku ke cin gaɓa! (Bakin rafin fadamarmu nake zuwa in jefa hoge, in kalli ruwa yana lasar taɓo, in ce to ga tekun nan.) Abin da ya riƙe ni shi ne lesin ɗin yamma na Malam Yohanna, mutumin kudancin Kaduna. Shi ya fahimtar da mu cewa ɓawon ƙasa a tsattsage yake, ɓangarorinsa na gogar juna, daga nan ake samun girgizar ƙasa da dutse mai aman wuta. Da muka yi dariya muka ce wannan sai ƙasashen waje, ya ce a yankinsu ƙasa ta taɓa motsawa, shi da kansa ya ji. "Kuna jin ta," in ji shi, "ku shige ƙarƙashin tebur, ku dafe ƙeya."

Gwaggo Asabe kuwa, yayar Babanmu, ta tsani lesin ɗin nan. Kullum sai ta ce wa Baba, "Budurwa tana yawo har la'asar sakaliya don a koya mata ruwan da ba za ta taɓa gani ba? Ka tsayar da abin nan." Baba ya ce zai yi tunani. Ni dai na sani, in ya hana ni, na faɗi darasin, burina na jami'a kuma ya bi ruwa.

Ranar walima muna ɗakin mata, ina maƙure a lungu ina bita a zuci. A tsakiyar ɗakin ga wani tsohon tebur da aka tokare ƙafarsa ɗaya da bulo, an jera masa kulolin waina da ƙatuwar tukunyar miyar taushe. Sai na ji wani gurnani daga ƙasa. Daɓe ya fara rawa a tafin ƙafata, kwanukan samira na kabad suka ɗauki kaɗawa, ƙasa ta zubo daga rufi. Duk alamomin da Malam ya lissafa, wallahi babu wadda ta rage.

"Innalillahi! Girgizar ƙasa!"

Na yi tsalle na afka ƙarƙashin tebur. Da na ga Gwaggo a tsaye tana zare ido, sai na cafko ƙafarta ina ja. "Gwaggo ki shigo! Ki dafe ƙeya!" (Ku lura, duk abin da take yi mini, ita na fara tunanin ceta.) Ta fizge, kafaɗata ta ture bulon, tebur ya kife. Miyar da aka dafa wa malaman zaure ta sauka a kan sabon leshinta, ragowar ta wanke mini kai.

Ta taga muka hango tirela maƙare da rake tana ficewa ta bayan katanga, tana tafiyarta a hankali. Wata tsohuwa ta dube ni, kabewa na bin kunnena, ta ce, "Sannu 'yar boko. Mu kullum da rani haka ƙasarmu ke girgiza." Mata suka fashe, har da masu riƙe ciki.

Gwaggo ta ja ni har gaban Baba. "Ga amfanin lesin ɗin, ka gani da idonka!"

Amma ni bakina bai mutu ba. Na ce, "Baba, da ta gaske ce, ni kaɗai zan fita da rai a ɗakin nan."

Baba ya ce, "Malamin ne ya ce ku shiga ƙarƙashin tebur?"

"Shi ne, Baba."

"Bai ce ku fara duba abin da ke kansa ba?"

"Bai ce ba."

"To, da alama ba ku gama darasin ba. Gobe ki koma. Yau kuma ki wanke wa gwaggonki kayanta."

Na wanke leshi, manja ya ƙi fita, baƙi suka ci waina da sukari. Jarrabawa kuma na ci ta, duk da ba a tambayi komai kan girgizar ƙasa ba, gaɓar teku aka kawo. Har gobe in na je Gazara, Girgiza ake kirana, kuma ina amsawa da ƙarfi. In ƙasa ta sake motsi, tirela ce ko ba tirela ba, ƙarƙashin tebur za ku same ni. Sai dai yanzu ina fara sauke miya.