Mai Gadin da Ya Aikata Darasi

Wani ne, mai gadi a wani kamfani. Ku daina kallon tabon haɓata, ba ni ba ne.

Shekara tara yana bakin ƙofa rana na dukansa. Sai aka ce wanda ya ci jarrabawar Turanci za a mai da shi teburin karɓar baƙi, ƙarƙashin fanka. Fankar nan ta shiga ransa. Ya nemi malami.

Malam ya ce, "Darasin myself da yourself shi ke kayar da mutane. Kar ka yi hadda. Duk jimlar da ka karanta ka aikata ta, ba za ka manta ba."

Matarsa nas ce, ta fi shi boko nesa ba kusa ba. Ta ce, "Maigida, kawo in taya ka."

Ya ce, "Ke dai ki tsaya a allurarki. Da kaina zan yi."

Jimla ta farko, I washed myself, wato na wanke kaina. Ya yi wanka sau huɗu, har ruwan gidan ya ƙare. Ta biyu, I cut myself, na yanke kaina. Ya daɗe yana kallon reza. Ya tuna fanka, ya rufe ido, ya ja. Matar ta ɗinke masa haɓar.

Ranar jarrabawa, ƙarfe goma za a shiga. Matar ta tafi aiki. Ƙarfe takwas gogan naku ya sha guga, ya ce bari ya ƙara jimla ɗaya. I locked myself in, na kulle kaina a ciki. Ya murza makulli. Sai ya ga akwai ha'inci, tunda makullin na hannunsa. Ya wurga shi ta taga, ya ji faɗuwarsa cikin kwata.

Ƙofar kuwa ta ƙarfe ce, shi ya zaɓe ta, har yana cika baki ko shi ba zai iya ɓalle ta ba. Ya yi ta bugu, maƙwabta duk sun fita aiki. Tara da rabi ya kira matar.

"Maman yara, taimaka ki kawo makullinki. Na kulle kaina."

"Wa ya sa ka?"

"Littafi."

"Ni sai sha biyu zan tashi. Jimla ta gaba me ta ce?"

Ya buɗa shafi. "I blame myself. Wai na zargi kaina."

"To ka fara aikata wannan kafin in zo."