Injin da ya ce anspektar ya durƙusa

Ko an tashe ni daga barci ba zan taɓa mantawa da zamana a kolejin Buza ba, lokacin da daga Madawa har Keita babu malamin lissafi kamata. (Ni na yi wannan binciken, ni kuma na tabbatar da sakamakon.) Ina saurayi, sabon fitowa, wando mai faɗin ƙafa yana share tsakar makaranta kyauta. Abu guda ya rage mini: anspektar, mai duba aikin malamai, ya zo daga Tawa ya kalli darasina, a tabbatar da ni a aiki. In bai sa hannu ba, sai in sake shekara ina malamin gwaji.

A zamanin ana koyar da sabon lissafi, mai sharaɗi da gaskiya da ƙarya. Yara sun kasa ganewa, sai na ƙera musu inji, ba na ƙarfe ba, na mutane. Bayan farin nan, kowane ɗalibi yakan zo da gwangwanin ruwa da safe don dashen itatuwan makaranta, to a kan wannan na gina shi. Yara uku a gaba, kowa da tambaya guda: Ya makara? Ya zo babu ruwa? Ɗalibi ne? In gaskiya ne ka ɗaga allo, in ƙarya ne ka bar shi ƙasa. Ba ruwanka da fuskar mutum, ba ruwanka da abin da ya yi jiya.

Bayansu akwai masu haɗawa biyu. Rabi ita ce KO: allo guda ya tashi a gabanta, ta ɗaga nata. Illa shi ne DA: sai ya ga biyu sun tashi. Rabi tana duba makara da ruwa, ta miƙa wa Illa, shi kuma ya haɗa da tambayar ɗalibi. In allon Illa ya tashi, aji duka ya yi ihu: "Durƙusa!" (Ɗan ƙanena mai aikin ordinatar, wato kwamfuta, ya ce haka suke haɗa sharuɗɗa har yau, ƙananan ayyuka ana jona su. Na ce masa a Buza aka fara.)

Ranar da za a zo, na dubi Illa, na ga rigarsa ta yage a hammata, ga shi shi ne na ƙarshe, kusa da kujerar baƙo. Rabi kuwa tsaf. Sai na ce su musanya wuri.

Rabi ta ce, "Mushe," (haka yara ke kiran malami da Faransanci) "in muka musanya, ai..."

Na ce, "Ke da ni wa ya yi karatu a Yamai?"

Ta koma inda na nuna.

Anspektar bai iso ba sai da hantsi ya dubi ludayi, motarsa ta kafe a yashin ƙorama. Dattijo ne mai sanyin magana. Ya zauna, darektan makaranta a gefensa, ya ji bayanina har da abin da ban yi niyyar faɗa ba. Daɗi ya kwashe ni, na ce, "Ranka ya daɗe, a gwada da kai ma. Injin nan ya san babba."

Ya miƙe ya tsaya a gaban yara.

Ya makara? Allo ya tashi. Ya zo babu ruwa? Allo ya tashi. Ɗalibi ne? Allo ya zauna ƙasa, na yi murmushi har kunne. Illa, wanda yanzu ke tsakiya, ya ga biyu, ya ɗaga. Rabi a ƙarshe ta ga guda ya tashi. Ta dube ni, ta dubi rufin aji, ta ɗaga allonta a hankali kamar mai ɗaukar gawa.

Wata guda ina horar da yaran nan kada su yi tunani a wannan gaɓar. Wallahi ba su ba ni kunya ba. Da murya guda, wadda na tabbata an ji ta a kasuwar Sabon Gida, suka ce wa anspektar, "Durƙusa!"

Darekta ya sunkuya yana neman abin da bai faɗi ba. Ni kuwa gumi ya sauko har cikin takalmi. Na ce, "Injin ne ya lalace, ranka ya daɗe."

Anspektar ya juya wajen yaran. Ya tambayi Rabi, "Ɗiyata, nan aw wurinki kullum?"

Ta ce, "A'a, Baba. Mushe ya ce rigar Illa ba ta da kyau."

Ya mayar da su wurarensu, ya sake tsayawa. Wannan karon Rabi ta ɗaga, Illa ya duba bai ga ɗalibi ba, ya bar allonsa ƙasa. Aji ya yi tsit.

Tun ranar na gane sharaɗi ba kayan ado ba ne da za a jera don ido, kuma in yarinya ta ce "ai...", a bari ta ƙarasa.

Na raka shi bakin mota, ina leƙen takardar da bai sa wa hannu ba. Ya dafa kafaɗata, ya ce, "Malam, motarka lafiyarta lau. Shofer ɗin da ke tuƙa ta ne za mu sake gwadawa baɗi."