Dabinon da Na Zare Daga Hannun Baba

Ba zan taɓa mantawa da Arfar da na yi a kan ruwa ba, kuma wallahi na so in manta. Har yau in na ga ƙwallon dabino a faranti sai gabana ya faɗi.

Ni direba ne. A unguwar Nuzla ta Jidda aka haife ni, a nan na yi aure, a nan na haifi 'ya'yana, amma har gobe da iƙama, katin izinin zaman baƙi, nake yawo a aljihu kamar wanda ya sauka jiya. Ina aiki a wani gida a unguwar Abhur. Kafilina, wato wanda izinin zamana ke hannunsa, shi ne Abu Nayif, babban ɗan gidan, sai dai ainihin aikina yana wurin mahaifinsa, wanda kowa ke kira Baba. Kakannin Baba Hausawa ne da suka zo aikin Hajji da ƙafa suka zauna. Shi ɗan ƙasa ne, 'ya'yansa kuwa Hausar tasu ta gaisuwa ce kawai. Saboda haka tsohon ya maƙale mini. Ni ke tura kekensa, ni ke ba shi maganin suga, ni ne kuma wanda yake hira da shi da harshen uwarsa.

Akwai wani abu kuma. Ni ke jan salla a ɗakin direbobin layinmu, don na ɗan fi su izu, sai suka laƙaba mini Malam. Da farko wasa ne. Daga baya na saya wa sunan farar hula, na bar gemu ya ɗan sauko. (Karatun nawa, in za a faɗi gaskiya, bai wuce na allo da abin da nake tsinta a rediyon mota ba.) Baba ya ɗauki sunan da gaske. Ko alwalarsa ce ya yi kokwanto, ni zai tambaya, ni kuwa ban taɓa buɗe baki na ce masa ban sani ba.

A hutun Hajji na wata shekara, lokacin da zafin Jidda ke narkar da kwalta, Abu Nayif ya ce za su tafi Norway su hau jirgin ruwa, kuma da ni za a je saboda Baba. Ya ce a can arewa, a irin wannan lokaci, rana ba ta faɗuwa. Na yi murmushi a raina. Na ce wannan irin zuƙin 'yan yawon buɗe ido ne, iyakarta dai ta yi jinkiri. Na zaga Nuzla ina sallama da mutane kamar wanda aka naɗa jakada. Matata ta ce, "Kai dai ka kama bakinka a ƙasar mutane." Na ce mata ai da ilimina zan tafi.

Mun shiga jirgin cikin ruwan sama da hazo, ba a ganin komai. Ɗakina yana can ƙasa, babu taga, kuma tun da jirgin ya motsa cikina ya juya. A kwance na wuni, in wayata ta kira salla da lokacin Jidda in lallaɓa in yi, in koma. Ka ga ke nan ban ga abin da rana take yi a wannan ƙasa ba sai ranar Arfa.

Baba bai taɓa shan azumin Arfa ba tun balagarsa. Likita ya hana, 'ya'ya sun roƙa, ya ce ko a kan gadon mutuwa ne sai ya yi. Na tashe shi sahur da agogon wayata, labulen ɗakinsa a rufe ruf, ya ci, ya sha maganinsa. Ni ma na ɗauki niyya, don ba zai yiwu tsoho ya yi azumi Malam yana taunar burodi ba. Da hantsi Abu Nayif ya ja ni gefe ya damƙa mini ƙullin dabinon ajwa na Madina.

"Isma', ya Malam. Mun tambaya tun a gida. In an kira Magariba a Makka, ka ba shi tamur, ya sha ruwa. Ba ruwanka da rana. Halas?"

"Abshir, an gama, ranka ya daɗe," na ce, hannu a ƙirji.

Shi da matarsa suka tafi harkokinsu, ni na tura Baba saman jirgi na lulluɓe shi da bargo. Hazo ya washe. Jirgin yana ratsa wani siririn mashigin teku, duwatsu baƙaƙe sun miƙe dama da hagu har sai ka ɗaga kai hularka ta faɗi, ƙanƙara a kawunansu, ruwa yana zubowa daga sama fari fat. Baba sai tasbihi yake yi. Ya ce, "Yanzu alhazai suna can tsaye a Arfa, mu kuma ga inda Allah ya kawo mu." Kusa da mu akwai wasu Larabawa biyu masu yawon shaƙatawa, muka gaisa, Baba ya gabatar da ni da cewa malaminsa ne. Kaina ya ƙara girma.

Can sai wayata ta kira Magariba. Na kwance ƙullin, na sa wa Baba dabino ɗaya a hannu. Ya kai shi kusa da baki, sai ya tsaya ya dubi sama. Rana tana nan tsaye ƙyam, ko launin la'asar ba ta yi ba.

"Malam," ya ce, "kai me ka gani? In sha ruwa, ga rana tana kallona?"

Larabawan nan suka juyo suna jiran amsa. Abin da ya kamata in ce a bayyane yake: ɗanka ya tambayi waɗanda suka sani, ci abinka. Amma in na faɗi haka na zama ɗan aike. Sai na gyara hula, na yi gyaran murya, na ce da Larabci don kowa ya ji, "Baba, mai azumi da ranar da ke kansa yake aiki, ba da agogon wata ƙasa ba. Sai ta faɗi." (Lura fa, sahur ɗin da agogon wata ƙasar na yi mana shi. Wannan bai zo mini a rai ba sam.) Ban tsaya nan ba. Na miƙa hannu na zare dabinon daga yatsunsa, na mayar cikin ƙulli, na jefa a aljihu. Ɗaya daga cikin Larabawan ya ce, "Masha Allah, ya Shaikh." Baba ya gyaɗa kai ya ce, "Na san ba za ka bar ni in ɓata azumina ba."

Muka zauna jiran rana.

Kai, ban taɓa ganin abu mai taurin kai irin ranar nan ba. A Jidda in ta nufi teku, kafin ka gama alwala ta nutse. Wannan kuwa sai ta riƙa tafiya a kaikaice, tana bin kan duwatsu, ta ɓuya bayan wani in ce alhamdu lillahi, jirgi ya ɗan karkata sai ga ta ta leƙo. Larabawan suka tafi cin abinci, suka dawo, suka sake tafiya. Iska ta yi sanyi har haƙorana suna haɗuwa. Baba ya daina tasbihi da ƙarfi, leɓensa kawai ke motsi. Na ga zufa a goshinsa cikin wannan sanyi, na goge masa da gefen bargo, na ce, "Saura ƙiris, Baba." Ni da ke ba shi magani kullum, na san abin da zufar nan take nufi. Na sani sarai.

Yunwa ta fara murɗa ni, idona yana ganin biyu-biyu. Na ce wa Baba zan zaga. A bakin matakala na tare wani ma'aikacin jirgin, ɗan Indiya da ya taɓa aiki a Dammam, yana jin Larabcin kasuwa. Na tambaye shi, a wayance, ƙarfe nawa rana take faɗuwa a nan.

Ya yi dariya ya ce, "Wata mai zuwa, sadik."

Na ce wasa yake yi. Ya ce wallahi, ai abin da mutanen nan suka biya kuɗi su gani ke nan.

To a nan ne zan so in ce na ruga wurin Baba na durƙusa na ce na yi kuskure. Ban yi ba. Na lallaɓa bayan ƙananan jiragen ceto da ke rataye a gefe, inda babu kowa, na tsuguna. Tunanina ɗaya: yaya zan juya fatawar ba tare da hulata ta faɗi ba? In ce na tuno wani ƙauli? In ce malamai sun yi saɓani? Ina wannan saƙa da warwara hannuna ya shiga aljihu. Na ce bari in ci ɗaya, tun da dai yanzu na san ya halatta, ƙwaƙwalwa ta samu ta yi aiki. Na ci ɗaya. Na ci na biyu. Ina ci ina tsara jawabi, ina zuba ƙwallayen a aljihu don kar in ɓata musu jirgi. (Ka ji mai tsabta.) Ban farga ba sai da yatsuna suka taɓo gindin ƙulli.

Sai na ji tafi da sowa daga sama. Tsakar dare ta yi, ranar ta sauko dab da ruwa, ja wur, ta tsaya, ta fara komawa sama. Turawa suna ɗaga kofuna suna ɗaukar hoto. Na hau da gudu da jawabina a baki, sai na hangi wani ƙaramin taro daban a inda na bar keken.

Baba ya zame gefe, kansa ya langaɓe, idonsa a buɗe amma ba ya ganin kowa. Abu Nayif yana durƙushe gabansa yana jijjiga shi yana kiran "Abuya! Abuya!" Ashe sun duba ɗaki ba su gan mu ba, suka hau nema. Larabawan nan biyu suna tsaye, kuma daga yadda suka kalle ni na gane sun riga sun ba da labarin fatawar. Abu Nayif ya ɗago, ya miƙo mini hannu.

"Tamur! Yalla, ina tamur ɗin? Ba ni!"

Na cusa hannu a aljihu. Wallahi na manta, don ruɗewa. Na damƙo abin da ke ciki na zuba masa a tafin hannu, a gaban kowa.

Ƙwallaye ne. Tsotsattsu, da sauran danshin bakina a jikinsu.

Ya dube su, ya dube ni. Bai zage ni ba, da ma ya zaga. Ya buɗe hannunsa suka zube a ƙasa, na ji ƙararsu ɗaya bayan ɗaya a kan katako duk da sowar da ake yi a can gefe. Nas ɗin jirgin ta iso da jakarta, ta ture ni, ta yi masa allura. Ni kuwa ina tsaye da farar hulata, ɓawon ajwa a haƙori.

A tashar gaba aka sauke mu, motar asibiti na jira. Tafiyar ta ƙare a nan. Baba ya rayu, amma bai koma yadda yake ba: maganarsa ta yi nauyi, hannunsa na dama yana karkarwa, kuma likitoci sun ce shi da azumi har abada. A barandar asibitin Abu Nayif ya ce mini, a hankali, cikin Larabci, da mun sauka Jidda zai buga mini takardar fita daga ƙasar ta dindindin. Ni da ban san kowa a Najeriya ba sai sunan garin kakana. Matata da yarana duk a kan iƙamata suke. Na zauna a benci ina tunanin yadda zan gaya musu cewa dabino ne ya kore mu daga garin da aka haife mu.

Da Baba ya farfaɗo sosai ya ce a kira ni. Na shiga ina jan ƙafa, na durƙusa a gefen gado, na ce, "Baba, ka yafe mini." Ɗansa ya riga ya gaya masa komai. Ya dube ni, ya ce da wannan harshe nasa da ya yi nauyi:

"Malam, da ka zo ka ce mini ka sha ruwa, ai da na bi ka. Ni kai nake jira, ba rana ba."

Na kifa kaina a kan katifa na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifiyata.

Shi ne ya hana a kore ni. Ya ce wa ɗansa in aka sallame ni, da wa zai yi Hausa? Don haka ina nan a Abhur, iƙamata tana rataye da numfashin tsohon da na kusa kashewa, kuma ni da Abu Nayif duk mun san haka. Arfar da ta biyo baya ni na kai wa Baba abincin rana. Hannunsa ba ya riƙe cokali, ni na ba shi a baki, yana ci hawaye na bin gemunsa, talabijin na nuna alhazai a tsaye.

Hular tana cikin akwati. Na bar wa wani ɗan Sudan limancin ɗakin direbobi. Abin da na koya kalmomi uku ne da ko yaron goye ya iya, ni sai da na je ƙarshen duniya na dawo da su: ban sani ba. Yanzu ko hanyar Balad, tsakiyar Jidda, aka tambaye ni, da su nake farawa. Baba ne kaɗai bai daina ce mini Malam ba, kuma na roƙe shi ya bari, ya ƙi.