Sabar da Na Bari Tun Juma'a

Ba na jin zan taɓa mantawa da wata safiyar Litinin a ma'aikatarmu, lokacin ina wata na biyar a sashen kwamfuta, ina jiran takardar tabbatar da ni a aiki. An ce wata mai binciken tsaro, Madam Rifkatu, za ta zo duba shafinmu na intanet, kuma Darakta ya faɗa min ƙiri-ƙiri cewa sai ya ga sakamakonta zai sa hannu a takardata.

Matsalar tana jikin saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin. Har lokacin tana karɓar tsofaffin hanyoyin ɓoye bayanai, waɗanda masu kutse suka daɗe da gano lagonsu. Ranar Juma'a na zauna na toshe su ɗaya bayan ɗaya, na adana. Saura a sake kunna sabar gyaran ya hau, amma dokar ofis ta hana a taɓa ta sai an tashi aiki. Na ce bari in je masallaci in dawo. (Wanda ya san Abuja ya san ma'aikacin da ya fita sallar Juma'a, sai Litinin.) Daga masallaci abokai suka ja ni cin kifi a Jabi, daga nan na wuce gida Gwarinpa hankalina kwance.

Litinin na ci ado da shadda, na tsaya gaban ɗakin taro na fi minti goma ina zuba. Na ce sabarmu yanzu ko aljani ba ya shiga. Har na juya na yi wa abokan aiki gori kan sakacinsu (ni ɗin nan).

Madam Rifkatu ta ce, "Malam, ba sai mun yi dogon turanci ba. Mu yi test, kowa ya gani."

Ta saka adireshin shafin a manhajar gwaji, aka haska a bango. Na harɗe hannu ina murmushi. Sai ga F, ja jawur, ya cika allo.

Darakta ya cire tabarau. "Ni ban san kwamfuta ba," in ji shi, "amma na yi makaranta, na san F."

Na fara ɗora wa netwok laifi. Madam ta bari na gama, sannan ta tambaya a hankali, "Bayan gyaran, ka yi restart? Ka sake kunna ta?"

Abin da bakina ya iya furtawa kawai shi ne, "Oga, masallaci na tafi."

"Tun Juma'a kake can?" in ji Darakta.

Dariya ta ɓarke, ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Da izinin Darakta na sake kunna sabar a gabansu, ko minti ɗaya ba a yi ba A ya fito kore shar. Amma Darakta ya ƙara min wata uku na gwaji, ya ce ni ma ina bukatar a sake kunna ni.

Yanzu ko ƙwan lantarki na canza, sai na danna na ga haske kafin in buɗe baki.