Yadda Za Ka Gane Jabun Keke Idan Ka Raka Wan Matarka Saye

Kwantar da hankalinka, ka zo inda ya dace. Idan ka bi matakan nan yadda na jera su, na yi maka alkawari ba jabun keken da zai wuce ta hannunka ba ka gane shi ba. Ko a wurin saye, ko daga baya, amma ganewa dai sai ka yi.

Ina da 'yar matsala guda, gara ka ji ta daga bakina. Ban iya cewa "ban sani ba". Na sha gwadawa, sai maganar ta maƙale mini a wuya kamar ƙwayar magani. A ofis aikina buga hatimi ne, amma a layinmu Injiniya ake kira na, tun ranar da fankar maƙwabci ta tsaya na ɗaka mata duka ta tashi.

To, wan maiɗakina, wanda duk muke ce wa Yaya, ya daɗe ba aiki. Sai wani gidan burodi ya yarda ya riƙa kai wa shaguna kaya kowace safiya, da sharaɗin yana da keke. Suka kuma gaya masa a fili: ranar da burodi bai isa shago ba, akwai masu jiran aikin. Sabo ya fi ƙarfinsa, sai na hannu. A na hannu kuwa abin tsoro shi ne firam, wato gangar jikin keken, ƙarfen da taya da sirdi da kai kanka kuke dogara da shi. Masu jabu kan samo bututun banza irin na kujerar haya, su yi masa walda, su fesa fenti, su manna tambarin kamfani.

Ga yadda ake kama su.

Mataki na 1: Karɓi aikin tun ba a gama roƙonka ba

Maiɗakina tana ninke kayan wanki ta ce, "Baban yara, ka raka Yaya mana. An ce jabu ya yi yawa, kai kuma ka san ƙarfe."

A nan wani zai tsaya ya tambayi kansa, wane ƙarfe na sani? Kada ka tsaya. Gyara zama, ka ce, "Ai da ya je shi kaɗai da an cuce shi." Za ka ga ta dube ka irin kallon da rabonka da shi tun kuna sababbin aure. Wannan kallon shi ne ladanka, kuma an biya ka gaba ɗaya, saboda haka ka adana shi.

Mataki na 2: Yi shigar masu sani

Farin wando, takalmi mai sheƙi, biro a aljihu, tabarau ko da na karatu ne. Riƙe mukulli a hannu, za ka ga amfaninsa. Ilimi abu ne mai nauyi, ba kullum ake fita da shi ba, amma kayansa ba su da wuyar ɗauka.

Mataki na 3: Kada ka yi wa mai kekuna fara'a

Rumfar da muka je ta kwano ce, kekuna jere kamar 'yan makaranta, wasu rataye a sama, ƙasa duk baƙin mai. Mai kekunan gajere ne, da sifana a aljihun baya da murmushin da ba ya gajiya. Bai ko dubi Yaya ba, ni ya nufo.

"Ranka ya daɗe, da ganinka kai ne mai ido a tafiyar nan."

"Injiniya ne," in ji Yaya, yana alfahari.

"Kash! Yau na shiga uku. Yallaɓai, a yi mini a hankali, ina da iyali."

Ka lura da wannan. Duk mai kayan da ya ji tsoronka tun ba ka buɗe baki ba, ya san darajar mutane. Kada dai ka nuna ka ji daɗi. Zagaya keken hannu a baya, ka ce "hmm". Sake zagayawa ta ɗaya gefen, ka ce "hmm" wanda ya fi na farko tsawo.

Mataki na 4: Ƙwanƙwasa

Ɗauko mukullin nan ka bugi firam, ka kara kunne, ka lumshe ido. An ce ƙarfen asali da na jabu ba sa ƙara iri ɗaya, kuma na yarda da hakan. Abin da ba a gaya mini ba shi ne wanne ke yin wace ƙara.

Yaya ya matso. "Me ya ce?"

"Yana magana," na ce.

"To madalla."

Mataki na 5: San abin da ke ƙasa, ko ba ka duba ba

A nan gaskiyar keke take, ka buɗe kunne. Ana kifa shi, a dubi ƙarƙashin inda feda ke juyawa. Kamfani kan buga lamba a jikin ƙarfen, ta nutse a ciki. Idan babu, ko an kankare, ko fenti ya cike ta, ka ja wan matarka ku tafi. Sai walda: ta kamfani lafiyayya ce a jere, ta jabu kuwa ƙulli-ƙulli, kamar an tauna cingam an liƙa. Tambari na gaske ba ya ɗagowa da farce. Tsohon keke mai ƙamshin sabon fenti kuma, ka tambayi abin da aka rufe.

Duk wannan na san shi yanzu ƙwarai. A ranar ma na ɗan ji ƙishin-ƙishin ɗinsa. Sai dai duba ƙasan keke sai an durƙusa, ƙasan rumfar kuwa na gaya maka yadda take, ka kuma tuna wandon da na sa ka saka.

Yaya ya shafa firam ya dubi tafinsa. "Injiniya, fentin nan kamar yana kama hannu."

"Zafi ne, Yaya. Bar mini wannan ɓangaren."

Na ce a raina bari in gama da sama, sannan in sauka ƙasa. Ka riƙa yin abu bisa tsari.

Mataki na 6: Kama laifi, ka ɗaga murya

Ɗan rakiyar da bai gano aibi ba, me ya zo yi? Kowa a rumfar yana jiran ya ji abin da za ka ce, kai ma kana jira. Na kai hannu kan ƙararrawa don in sami abin yi, sai ta juya ta sunkuyar da kai ƙasa. Notinta a kwance.

"Malam! Mene ne wannan?"

Mai kekuna ya dafe kai da hannu biyu. "Wayyo ni! Yallaɓai, ta ina ka gani? Mutum nawa suka duba keken nan, ba wanda ya lura!"

"Haka za ka ba wan matata? Ya shiga titi da burodi ba ƙararrawa, ya kaɗe 'yar mutane?"

"Na tuba, ranka ya daɗe. Wallahi irinku ne ke hana mu cin abinci."

Ya zaro sifana ya ɗaure ta a gabanmu, ya yi ɗan rangwame, ya ƙara wa Yaya igiyar roba ta ɗaure kaya kyauta. Maƙwabtan rumfa suna ta girgiza kai. Yaya ya riƙe hannuna ya ce, "Ƙanwata ta yi dace."

Bayan irin wannan nasara, durƙusawa a duba ƙasa cin fuska ne. Mutum ya riga ya tuba. Ka yi masa afuwa, ku tura kekenku.

Mataki na 7: Jira firam ya faɗi gaskiya da kansa

Wannan ita ce hanyar da ba ta taɓa kuskure ba. Ɗora akwatin burodi a kariya, wato wurin ɗora kaya na bayan keke, ɗora Yaya a sirdi, Yaya kuwa ba ƙaramin mutum ba ne, sannan ka ba su 'yan kwanaki.

Ina shirin fita ofis aka yi sallama. Na leƙa, sai ga Yaya a ƙofar gida yana ɗingishi, gaban keke a hannun dama, bayansa a hannun hagu, wani mai kirki na biye da shi ɗauke da akwatin. A gangaren da ke bayan asibiti waldar ta saki. Yadda ya ba da labari, gaba ya yi gaba, baya ya tsaya, shi kuma ya rasa wanda zai bi.

Maiɗakina ta zaunar da shi, ta duba ƙafar, ga ta a kumbure. Sannan ta ɗauki rabin keken ta leƙa cikin bututun. Siririn ƙarfe ne kamar gwangwanin madara, cikinsa ja wur da tsatsa.

"Baban yara."

"Na'am."

"Da kuka je, ina ka duba?"

A irin wannan lokaci ka ɗauki abin da hannu, ka juya shi, ka yi fuskar likita. "Jabu ne," na ce. "Ko shakka babu."

"Sannu da ƙoƙari," in ji ta.

 Yaya kuwa akwatin kawai yake kallo. "Shaguna suna jira," ya ce a hankali. "In ba su ga burodi ba yau, gobe wani za su gani."

Mataki na 8: Koma wurin mai kekuna, amma ka tsaya daga nesa tukuna

Na je da rabin keke a kafaɗa da jawabin da na tsara a hanya. Kafin in ƙarasa na hango shi tsugune, yana bin kekunan layi-layi da sifana. Na zaci ɗaurewa yake. Da na matso sai na ga kwancewa yake. Wannan ya sassauta masa ƙararrawa, wancan ya karkata masa sirdi, na gaba ya zare masa murfin fitila.

Ya ɗago ya gan ni, ko gezau.

"A'a, Injiniya! Ya iyali?"

"Me kake yi haka?"

"Na 'yan rakiya ne, ranka ya daɗe. Mutum ya bar aikinsa, ya sa farin wando, ya taho. Sai in bar shi ya koma hannu wofi? Ai ba tarbiyya. In bai sami abu a sama ba, sai ya fara wahalar da kansa da ƙasa."

Batun firam kuwa, ya rantse shi ma haka ya saye shi, kuma ai a gaban injiniya aka duba.

Muna cikin haka sai ga wani da ɗan rakiyarsa, mai tabarau da biro. Ɗan rakiyar ya zagaya keke, ya ce "hmm". Na ga hannunsa ya nufi ƙararrawa. Tausayi ya kama ni, na matsa kusa na ce, "Malam, kifa shi ka dubi walda."

Ya dube ni, ya dubi rabin keken da ke kafaɗata.

"Bawan Allah," ya ce, "bar mini wannan ɓangaren."

Sanarwa

Marubucin wannan jagora ba shi da hannu a duk wani targaɗe, karaya, burodin da ya sha ƙasa, ko shirun da za a yi maka a gida. Shawara aka ba ka, ba a ɗora ka a sirdi ba. Mai ƙorafi ya same ni da yamma, don da safe ba na nan. Kafin ƙafar Yaya ta warke, ni ke kai burodin shago-shago a baro, kada aikin ya kuɓuce masa, sannan in wuce ofis.

Baron na hannu ne. Maiɗakina ce ta je ta sayo, ita kaɗai.